Rariyar Jibo

"Ruwa ne fa, Tasalla. Ruwan Allah. Da wa kike so in yi faɗa, da sama?"

"Ruwan Allah daga sama yake saukowa, Yaya. Wannan kuwa ta ƙarƙashin katanga ya ɓullo, har da kashin jaki a cikinsa."

Maiwada ya sauya fartanyarsa daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Bai ƙaraso bakin ɗakin ba, daga nesa ya tsaya, yadda kowane namiji yake yi da mai takaba. Tasalla tana durƙushe a ƙofar ɗakinta, mayafi ya rufe rabin fuskarta, muryarta ƙasa-ƙasa. Tun ranar da aka kai mijinta Lawal makwancinsa tsofaffi suka karanta mata dokokin: mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta sauri, ba ta taka ko da zauren gida sai watanninta sun cika.

"Jibo maƙwabci ne," in ji Maiwada. "Ba ki ji abin da malamai suke faɗa a kan haƙƙin maƙwabci ba?"

"Na ji, Yaya. Ai ni ma maƙwabciyarsa ce."

Maiwada, yayan marigayi kuma mai gidan gandu, ya dubi sama kamar mai neman hadari, ya ce ta yi haƙuri, zai yi masa magana. Ya juya ya tafi gona.

Garin nasu ƙarami ne, a kan hanyar Gozaki. A shekarun nan da mahaya daga arewa suke yawan kawo hari, babu mai yarda ya kwana a bayan ganuwa. Gonaki suna waje iya ganin ido, gidaje kuwa suna ciki a matse kamar haƙora, har taku ɗaya na fili a cikin gari ya fi gona guda a daji daraja. Ɗakin Tasalla yana can ƙuryar gida, bayansa yana kallon katangar da ta raba su da Jibo, falke mai jakuna, mai safarar gishiri da kanwa.

Tun kaka da kakanni ruwan gidan Jibo gabas yake bi ya fita lungu. Bana da rani sai ya gina ɗakin ajiyar gishiri a kan hanyar ruwan. Ya zo ya roƙi Lawal ya bar shi ya huda rariya a gindin katanga, ruwan ya riƙa bi ta gidansu. Lawal ya yi murmushi ya ce a'a. Bayan shuka zazzaɓi ya ɗauke Lawal, kuma ba a daɗe da naɗe tabarmin makoki ba Tasalla ta ji dagi yana cin gindin katanga daga wancan ɓangare.

Maganar da Maiwada ya ce zai yi, har yau bai yi ba. Ruwa kuwa bai jira shi ba. Duk saukar da sama za ta yi, sai tsakar gidan Jibo ta tattara abin da ke cikinta, da fitsarin turke da ruɓaɓɓiyar harawa, ta turo ta rariyar nan, ya daki bayan ɗakin Tasalla ya kwanta. Da fari danshi ne ya hau bango iya idon sawu. Sai ya kai gwiwa. Daɓen da ta yi da hannunta, mai sheƙi kamar bayan ƙwarya, ya fara kumbura yana farfashewa. Kwaɗi suka tare a ƙarƙashin gado. 'Yarta Shafa'atu, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta kama tari mai kama da haushin ɗan kwikwiyo, kuma duk sanda ta yi shi sai Tasalla ta ji kamar a nata ƙirjin ake yankawa.

Da ta ga ba ta da ƙafar fita, sai ta ari ta Gwaggo, ƙanwar uban su Maiwada, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan. Gwaggo ta ɗingisa ta je, ta daɗe, ta dawo bakinta ja da goro, da ɗan gutsuren kanwa a gefen zane.

"Mutumin kirki ne fa," in ji ta. "Har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce ruwa ba shi da linzami, amma da zarar rani ya yi zai toshe."

"Da rani, Gwaggo? Ai da rani ruwan ma ya toshe kansa."

"Ke dai yi haƙuri, 'yar nan. Ni takaba biyu na yi, ko tari ban yi da ƙarfi ba. Ga kanwa ya ce a ba ki, ki jiƙa wa yarinya."

Tasalla ta dubi kanwar, ba ta miƙa hannu ba.

Akwai wani wuri a bangon ɗakin, daidai inda take sa kai, da yatsun Lawal suka bar sawu a shekarar da ya yi yaɓen ɗakin don tarewarta. Layi huɗu ne a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Tun da ya rasu, in kewa ta taso mata sai ta sa yatsunta a cikin nasa ta bi su a hankali, ta ji kamar ya riƙe mata hannu. Wata safiya ta sa hannu sai yaɓen ya biyo ta, ya ruguje a tafinta, jiƙaƙƙe, yana warin jaki. Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba ko a ranar jana'iza, kuma ta yi shi a cikin mayafi don kada a ji.

Da hantsin wannan rana Hajo, matar Jibo, ta hau turmi tana shanya zannuwa a kan katanga. Mace ce mai yawan magana, ba muguwa ba, irin wadda bakinta yake riga tunaninta isa.

"Sannu da haƙuri, maƙwabciya. Ya jikin 'yar tawa?"

"Ga ta nan dai. Hajo, don girman Allah, ke ma uwa ce. Ki roƙar mini mai gidanki."

"Wallahi na roƙa! Na ce masa a bari matar nan ta fita takaba mana tukuna. Ya ce ai ɗakin ba zai kai kaka ba, kuma tunda yayan mijinki ya ce in ya faɗi a matso da turkenmu wurin, me ya rage? Ke ba ki ga jakunanmu biyu a hannun Maiwada ba? Ai su za su kwaso muku dawa da auduga bana." Sai ta ga fuskar Tasalla, ta dafe baki. "Au! Na ɗauka kin sani."

Ta sauka daga turmin da sauri har ta bar zane guda a kan katanga.

Da yamma, bayan maza sun dawo daga noma, Tasalla ta je ta durƙusa nesa da inda Maiwada yake cin tuwo. Matarsa Sabuwa tana tsugune a gefe tana kaɗa masa fura.

"Yaya, ashe an sayar da ɗakina ina cikinsa."

Lomar ta tsaya a hannunsa. "Wa ya sayar? Kin ga ko wuri ɗaya na kuɗi ya shiga hannuna? Zumunci ne tsakanin maƙwabta. Ya taimake ni, na taimake shi. Bakin mutum nawa nake ci da su a gidan nan, har da naki? Kin san abin da ake sha kafin a kwaso amfanin gona a ka?"

"Ɗakin fa?"

"Ɗaki ƙasa ne, kuma ƙasa zai koma. In kin fita takaba ai Matazu za ki koma wurin danginki, ko ki yi wani auren. Ya tsaya wa wa?"

"Ya tsaya wa Shafa'atu. Ɗakin ubanta ne."

"Da namiji kika haifa masa, da wata magana ce."

Sabuwa ta sunkuyar da kai, ludayinta ya daina motsi.

"To, zan kai wa Mai Unguwa," in ji Tasalla.

Maiwada ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ta wanda ya riga ya gama lissafinsa. "Da wace ƙafar? Ki taka zauren nan ki gani. Kafin ki kai bakin rijiya gari duka ya ce kin ci amanar mamaci, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kin fara yawo. Ni don mutuncinki nake faɗa miki. Koma ɗaki ki yi haƙuri."

A nan ne ta gane abin da aka yi mata. An auna takabarta, an auna damina, an ga tare za su ƙare, an kuma ga ɗakin ba zai kai ba. Al'adar da aka ce an yi ta don a girmama mamaci, ita aka mayar igiya aka ɗaure matarsa, don a ci gadon 'yarsa a natse. Haƙurin da kowa yake miƙa mata kuwa, kamar goro a wurin suna, babu ɗaya daga cikin masu bayarwa da ya taɓa ɗanɗana shi. A gidaje da yawa haka ake: wanda aka danne shi ake ba haƙuri, wanda ya danne kuma a ba shi gaisuwa.

Marka ta kankama. Wata rana da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tasalla tana zaune bakin ƙofa tana kaɗi, Shafa'atu tana barci a tabarma kusa da bango, sai ta ji wata ƙara kamar an karya kara. Ta ɗaga ido ta ga tsaga ta taso daga ƙasa tana hawa. Ba ta san sanda ta jefar da mazari ta fizgo yarinyar ba. Wani gundumin bango ya faɗo, tim, daidai inda kan yarinyar yake a dā.

Ta tsaya rungume da 'yarta, tana kallon hasken da ya shigo ta ɓarakar. Ba ta yi kuka ba. Wani abu ne ya huce a cikinta, ya daskare, kamar ƙarfen da maƙeri ya tsoma a ruwa.

Da ruwan ya tsagaita ta goya Shafa'atu, ta ɗaure zane tamau. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, an yar da shi a bayan rumbu. Ta mirgino shi, tana nishi, har bakin rariyar, ta kwantar da shi ta cusa gindinsa a ramin. Ta kwaso ƙasar bangonta da ta faɗi, ta tattaka ta da ƙafa, ta liƙe duk wata kafa. Tana cikin yi sai ta ji motsi a bayanta. Sabuwa ce, ɗauke da ɓarin dutsen niƙa. Ta ajiye shi a gefen turmin, ta tokare shi da kyau, ta juya ta koma madafa.

Washegari da hantsi hadari ya sake haɗowa. Tasalla ta miƙa wa Sabuwa yarinyar, ta ɗauko tabarmarta ta takaba, wadda babu namijin da yake kusanta, ta shimfiɗa a kan turmin, ta zauna ta jingina da katanga. Ruwa ya sauko, ya jiƙa ta sharkaf. Ta bayanta tana jin ruwan gidan Jibo yana taruwa, yana lalube, yana neman hanyar da aka saba masa, bai samu ba. Ruwa kuwa ba ya mantuwa. Da ya rasa sabuwar hanya sai ya nufi tsohuwa, gabas, inda ɗakin ajiya yake tsaye.

"Gishiri!" Muryar Hajo ce ta tsaga ruwan. "Malam, gishiri! Ruwa ya shiga ɗakin kaya!"

Aka ji gudu, aka ji jakuna suna kuka, aka ji Jibo yana zagin wanda bai sani ba. Can sai turmin ya motsa a ƙarƙashinta. Jibo ne ya samo gora yana zungura daga wancan ɓangare. Ya sake zungura, har ta ji bugun a ƙashin bayanta.

Sai Tasalla ta buɗe baki. Muryar da aka binne tare da mijinta ta fito gaba ɗaya.

"Jama'a! Jama'ar Annabi! Ku fito ku ga Jibo yana zungurin mai takaba da gora!"

Gorar ta tsaya cak. Ruwan sama ya fara sassautawa, kuma kafin ya ɗauke kawunan mata sun jeru a kan katangu ta kowace kusurwa. Jibo ya hau tsani ya leƙo, rawaninsa a warware, gemunsa yana ɗiga. Da ya gan ta zaune a kan turmin sai ya ja baya har ya kusa faɗuwa.

"Ban san kina kai ba! Na rantse ban sani ba! Ke wace irin mace ce? Kantu-kantu na gishiri, tun daga arewa na ɗauko shi, yana can yana narkewa!"

"Ka yi haƙuri, Malam Jibo," in ji Tasalla.

Wata mata a kan katanga ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama.

Hayaniyar ce ta kawo Mai Unguwa Rabe, dattijo mai sanda, wanda ya fi son kowace rigima ta mutu kafin ta kai kunnen dagaci. Maiwada ya shigo da shi har cikin gida, yana ta bayani da hannu biyu. Rabe ya dubi ɓarakar ɗakin, ya dubi matar da ke zaune a jiƙe, ya ce a fara ɗaga ta tukuna, sannan a yi magana irin ta manya.

Maiwada ya yi taku biyu ya tsaya. Tabarmar takaba ce, kuma ta ƙanensa. Ya juya. "Sabuwa, ɗaga ta."

"Hannuna da yarinya, Malam."

"Gwaggo!"

"Ni da bayan nan nawa? Kai ma ka sani ko tulu ba na ɗagawa."

Rabe ya gyara murya. "'Yata, mai takaba ba ta irin wannan. Murya a sama, zama a cikin ruwa, ba kyau."

"Ranka ya daɗe, an ce kada in fita, ban fita ba. Nan cikin gidan mijina nake, a kan turmin gidan mijina. An ce kada in zo wurinka, shi ya sa na kira ka. Tambaya ɗaya gare ni. Tun kana yaro, ina ruwan gidan Jibo yake bi?"

Dattijon ya juya sandarsa a hannu. Daga kan katanga wata tsohuwa ta amsa masa. "Gabas! Ta lungun masaƙa! A ciki muka yi wasa!"

"Gabas yake bi," Rabe ya faɗa a hankali. "Jibo, wa ya ba ka izinin juya shi?"

Jibo ya dubi Maiwada. Maiwada ya dubi ƙasa. Gishiri yana narkewa, kuma zumuncin da aka ƙulla a kan jakuna biyu bai kai nauyin kantu ɗaya ba.

"Ga shi nan tsaye!" Jibo ya nuna shi da yatsa. "Shi ya ce in huda! Ya ce ba ta da bakin magana, ba ta da ƙafar fita, kafin ta wanke takaba ɗakin ya kwanta! Yanzu ka yi shiru kamar ba kai ba? A dawo mini da jakunana yau!"

Salati ya tashi daga katanga zuwa katanga. Maiwada ya buɗe baki ya ce shi gida yake dubawa, bakuna da yawa, shekara ta yi wuya, amma babu wanda ya saurare shi, har muryar ta shige cikin gemunsa.

Rabe ya buga sandarsa a ƙasa. "Ruwa ya koma hanyarsa. Jibo, ka fasa daɓen ɗakin kayanka ka yi masa magudana zuwa lungu. Maiwada, bangon nan kai za ka tayar, da hannunka. Magana ta ƙare." Sai ya sassauta murya ya juyo. "To, 'yata, kin samu gaskiyarki. Amma fasa daɓe aiki ne, sai ya kwashe kaya, sai ya nemo magina. Ga wani hadarin can yana tasowa. Ki tashi a buɗe masa na ɗan lokaci, kada dukiyar bawan Allah ta ƙare. Ke kuma ki koma ɗakin Gwaggo kafin a gyara. Maƙwabtaka ai sai da sassauci."

Kowa ya ga adalci a wannan magana. Har matan kan katanga suka fara gyaɗa kai. Tasalla ta dubi gabas, inda sama ta yi baƙi ƙirin, ta dubi ɗakinta da ya buɗe baki. Ta san ruwa ɗaya ya rage masa. Ta kuma san irin wannan ɗan lokacin: da shi aka ce za a yi magana, da shi aka ce za a toshe da rani. In ta kwana a ɗakin Gwaggo, da safe babu bangon da za a tayar, sai fili, kuma fili a cikin ganuwa ba ya kwana babu mai shi.

Ta gyara zama a kan turmin, ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma za su ji.

"Ranka ya daɗe, na gode da hukuncinka, amma ba zan tashi ba. Dagin da ya huda katangar nan a wuni ɗaya yana nan a gidan Jibo, ya ɗauko shi ya huda ɗakinsa yanzu, kafin hadarin can ya iso. Nan zan ci, nan zan yi salla, sai na ji da kunnena ruwa yana gudu a lungun gabas. Kuma ku shaida, ku duka: ko na wanke takaba ba inda za ni. A ɗakin nan zan rena 'yar Lawal."